Rumbun Safana

Har yau in na ji ƙarar babura da yawa sai in nemi wurin ɓuya. Ranar da 'yan bindiga suka shigo ƙauyenmu na kusa da Zakka a kan babura, ni na faɗa motar Batsari, Inna kuwa ban ga inda ta yi ba.

A Batsari na sauka wurin ɗan wan babana, wanda ke yi wa wata ƙungiyar rabon hatsi aikin kwamfuta. Da yake na gama sakandare, sai ya zaunar da ni ina shigar da sunayen 'yan gudun hijira. Shi ya rubuta manhajar da muke neman sunaye da ita. Ya ce ba ita ke bincike da kanta ba: akwai wani aiki da ya tsara ya ajiye a cikin rumbun bayanan, ita kiransa kawai take yi, ta miƙa masa suna da ƙauye, ya kawo amsa.

Kullum sai na sa sunan Inna, kullum a ce babu.

Wata Alhamis, ana cin kasuwa, na ji yana gaya wa wani cewa ma'aikatan Safana sun aiko da nasu rumbun, ya ɗora shi a kwamfutar. Na duba layin da ke yin kiran, na ce, "Yaya, wannan a wane rumbu yake nema?"

"Sarkin tambaya! Na Batsari mana. In ba ki faɗa masa ba, inda aka buɗe masa ƙofa yake shiga. Aikin ai yana cikin na Safana ma, sunansu ɗaya."

"Mu fa ko zazzaɓi ya kama mu Safana muke yi. Ni ce ruɗewa ta kawo nan."

Ya turo mini kwamfutar. "To bismilla. Sunan rumbun tukuna, sai ɗigo, sannan sunan aikin."

Na rubuta, ban yi kuskure ko ɗaya ba. Na sa sunan Inna da na ƙauyenmu, na danna.

Sai ga sunanta. Tana wata firamare a Safana, an ba ta masara. A gefe an rubuta: tana neman 'yarta.

Yaya ya ce in bari sai gobe a samu mota. Na ɗauki mayafina na fita bakin kasuwa. Tun da muka gudo ban yarda na matso kusa da babur ba, amma ranar ni na tsayar da ɗan acaɓa da kaina, na ce masa Safana.