Maganar da Na Ji Ta Bayan Zana

Ɗana na fari ya rasu yana da shekara biyu da rabi, a shekarar da aka canza kuɗi muka fara riƙe naira. Baƙon dauro ne ya ɗauke shi. Mijina yana aikin reluwe a Kafanchan a lokacin, ni kuma na tafi ƙauyensu kusa da Nok tonon citta, na bar yaron a hannun maƙwabciyata, lafiyarsa lau. Kwana huɗu na yi aka aiko mini. Na tarar jikinsa kamar wuta. Bai cika mako ba.

A ƙauye aka binne shi. Rana ta uku ta zaman makoki na zagaya bayan zana in wanke fuska, sai na ji muryar yayar mijina tana magana da matan da ke girki. Da yarenmu ta faɗa, ba ta ma rage murya ba: "Citta ta fi mata ɗa."

Wannan matar, da nake kira Yaya, ita ta karɓe ni ranar da aka kawo ni amarya. Ita ta koya mini faten acca yadda ƙanenta yake so. Gonar da na je tono ma ita ta yanka mini daga tata. Da wata ce ta faɗa, da na yi kuka na wuce. Na tsaya nan da ƙwaryar ruwa a hannu, sannan na koma na zauna cikin masu gaisuwa. Ban gaya wa kowa ba, har mijina.

Shekara biyu na riƙe maganar. Na bar gonar ta zama ciyawa. In Yaya ta aiko da doya ko manja, sai in raba wa maƙwabta. Lokacin Kirsimeti in ce kaina na ciwo, mijina ya tafi ƙauye shi kaɗai. Ya tambaye ni sau da yawa, in ce ba komai. Na rame. Ina wanki ina maimaita kalmomin nan, ina daka ina shirya amsar da zan ba ta, amsa mai zafi wadda ban taɓa furtawa ba.

A coci kuma abin ya bi ni. In ana addu'ar Ubangiji aka zo wurin yafe wa waɗanda suka yi mana laifi, sai bakina ya rufe, in jira a wuce wurin sannan in ci gaba. Ranar cin jibin Ubangiji kuwa in sulale waje tun kafin a fara rabawa.

Matar fastonmu ce ta lura. Dattijuwa ce, ba yarenmu ɗaya ba, da Hausa muke magana. Wata Talata bayan zumuntar mata ta ce in taya ta ɗaukar benci. Da muka ajiye ta zauna a kai, ta nuna mini gefenta.

"'Yata, wa kike fushi da shi? Allah ne, ko mutum?"

Na buɗe baki in ce ba kowa, sai kuka ya zo. Na gaya mata duka. Ta bar ni na gama.

"Maganar ba kyau," in ji ta. "Ba zan ce miki ƙarama ce ba. Amma ke, kin yarda da ita?"

Ba wanda ya taɓa yi mini wannan tambayar. Sai na gane na yarda. Shekara biyu ina jin haushin Yaya, ashe rabin haushin na kaina ne.

Matar fasto ta ce, "Yara nawa cutar nan ta ɗauka a layinku, iyayensu suna zaune a gida? Ko da kin yi laifi ma, Yesu ya riga ya ɗauka. To ba ki yi ba. Ki je ki sauke wa matar nan nata, ke ma ki huta."

Ban tafi washegari ba. Sai da na yi wata guda ina addu'a, wata rana in ji zan iya, wata rana in ji ko sunanta ba na so. Ranar wata kasuwa dai na ɗaura zane na hau motar ƙauye.

Na sami Yaya da hantsi a tsakar gida tana tsaga citta tana shanyawa. Ta tsufa fiye da yadda na bar ta. Da ta gan ni wuƙar ta faɗi daga hannunta. Muka gaisa, ta ba ni kujera, na ƙi, na zauna a tabarma kusa da ita.

Na ce, "Yaya, ranar makoki na ji abin da kika faɗa."

Ta sunkuyar da kai. "Na sani. Na ga ƙafafunki ta ƙarƙashin zana. Tun kafin in rufe baki na gani."

"Me ya sa ba ki zo ba?"

"Sau biyu na shiga mota. Sau ɗaya har na kai tashar Kafanchan, na sayi gishiri na koma. Da wane ido zan kalle ki? Yaron nan a bayana ya yi barci sau nawa. Zafi ne ya cika ni, na rasa inda zan zuba, na zuba a kanki."

Amsar da na shekara biyu ina shiryawa, ko kalma ɗaya ban tuna ba. Na ce mata na yafe, saboda ni ma an yafe mini. Ta kama hannuwana biyu da nata masu yajin citta, muka yi kuka har matan maƙwabta suka leƙo suna tambaya ko wani ya mutu. Yaya ta share fuska ta ce musu, "Ba wanda ya mutu. Matar ƙanena ce ta zo."

Ta dafa fate, na ci kwano biyu. Muka je kabarin yaron tare, ta yi addu'a da yarenmu, na ce amin da dukan zuciyata.

Da la'asar na hau mota. An matse mu da buhuna da kaji, hanya duk ramuka, amma kafin mu fita daga ƙauyen barci ya kwashe ni. Ban san inda muka bi ba. Sai wata tsohuwa da na jingina da kafaɗarta ce ta girgiza ni tana dariya, ta ce, "Madam, tashi mana, mun iso Kafanchan. Kafaɗata ta mutu."