Maigida Ya Ɓata a Jamus, Ni Aka Bari da Aike

Jama'a, yau daga kicin ɗina a Ƙuba, nan Madina, na ceto mutum a Turai!

Kun san ɗana Faisal ya kai babansa yawon jirgin ruwa a kogi. Yau suka tsaya a Strasbourg, tsohon garin nan na bakin iyakar Faransa da Jamus. Ina yanka albasa sai ga baƙuwar lamba. Muryar maigida!

"Ummu Faisal, ina Jamus!"

Na ce, "Ba Faransa kuke ba?"

Ya ce, "Gada kawai na haye ina miƙe ƙafa! Jawwal ɗina, wato wayata, na cikin jirgi, sun kusa tashi, lambarki kaɗai na haddace!"

Innalillahi! Ashe wayar wani dattijo Baturke ce, mai gidan burodi. Na ce a ba ni shi. Ba Larabci, ba Hausa. Sai maimaitawa nake, "Madina! Madina!"

Wallahi sai na ji bawan Allah yana kuka. Ya rufe shago, ya sa maigida a mota, har bakin jirgi. Faisal ya miƙa masa dabino, ya ƙi. Abu ɗaya yake so: a kai masa sallama wajen Manzon Allah (SAW).

Ga ni na sa abaya. Wa zai rage min hanya zuwa Harami?