Kwanuka a Ƙofar Ajin Madam Mansura

Duk wanda ya san Mansura tun tana yarinya a Dantchiao ya san ba ta jin abu ta bar shi ya wuce. In mata suna daka, sai ta tsuguna ta tambayi abin da ya sa taɓarya biyu ba sa karo a turmi ɗaya. In ladan ya ja murya, tana so ta san inda yake ajiye numfashin. Mahaifinta manomin gyaɗa ne, mahaifiyarta tana matsar mai tana suyar ƙuli, kuma babu makaɗi ko maroƙi a danginsu, ko na nesa. Shi ya sa da ta zama malamar lakwal, wato makarantar boko, aka ji wai darasin waƙa ne ya ɗauke mata hankali, 'yan gidansu suka yi ta tambayar juna inda ta gado.

A makarantar horon malamai an koya musu waƙa, amma a allo. Malamin ya ja layuka biyar, ya ɗiga baƙaƙen ƙwayoyi a kansu, ya ce wannan shi ne kiɗa. Ko gwangwani ba a buga ba har suka fita. Mansura ta fito da waƙoƙi shida na Faransanci, biyu daga ciki ma ba ta da tabbas a kan amshinsu.

Aka tura ta Tudun Gawo, wani ƙauye a karkarar Sassumbrum, aka damƙa mata aji uku: yara sittin da uku a rumfar zana. Tana duba tsarin darussa ta ga akwai rabin awa na waƙa, sai dai direktan makarantar, Mushe Bawa (Mushe shi ne Malam da Faransanci), ya daɗe da mayar da shi na lissafi. Mutum ne mai son zaman lafiya da iyayen yara fiye da komai. Ta bi shi ofis, ta bi shi gindin bishiya, ta tare shi a kan babur, har ya gaji.

"Madam, na ba ki," in ji shi. "Amma ranar da wani ya zo min da ƙara a kan waƙar nan, na karɓe. Kin ji da kyau?"

"Na ji, Mushe."

Waƙa shida ba sa kai mutum ƙarshen shekara. Wata ƙawarta ce ta sa ta a wani gurup na WhatsApp mai suna Zauren Waƙa. Mutum ɗari da arba'in da bakwai ne a ciki: malaman lakwal, da ɗalibai masu koyon koyarwa daga Damagaram da Maraɗi da Tawa, har da wasu daga tsallaken iyaka, Daura da Kano. Wannan ya turo waƙar ƙirge, wancan ya nuna yadda ake yin caki da gora da tsakuwa, wata ta turo bidiyon da ya bayyana layukan nan biyar har mutum ya gane. Yawanci da murya ake magana, don waƙa ba ta rubutuwa da yatsa.

Matsalar ita ce rezo, wato sabis ɗin waya. A Tudun Gawo ba ya kamawa sai a kan tudun rairayi bayan rijiya. Kullum bayan la'asar za ka hango Madam a can, hannu sama, kamar mai korar tsuntsu daga gona. Kafin a gama kai amfanin gona rumbu ta tara sauti ɗari biyu da goma sha biyu a wayarta, ta ware su kashi-kashi: na tafi, na amshi, na wasan gaɗa, da wani kashi da ta sa wa suna "ban gane ba tukuna". Wannan kashin ya fi kowane cika.

A cikin gurup ɗin akwai wani Abdulwahabu, ɗalibi a Damagaram, wanda ba ya wuce kiɗa a hanya bai ɗauka ba. Wata rana ya turo wani kalangu mai daɗi, ya ce, "Ga wannan, ya yi daidai da koya wa yara tafi. Bugu huɗu-huɗu ne." Iyakar bayanin ke nan. Mansura ta saurara, ta ji kiɗan yana tafiya tsaf kamar an auna. Ta kai 'yar lasifikarta wurin mai sola aka cika ta da caji.

Ranar Talata da hantsi ta rataye lasifikar a jikin dirkar rumfa, ta ƙure murya, ta kunna. Yara suka ɗauki tafi. Zana ba ta riƙe sauti, kuma abin da Madam ba ta sa a rai ba shi ne makarantar tana daf da tsamiyar da ake yanka dabbobi a gindinta.

Ana cikin zagaye na uku sai ga wata tsohuwa ta leƙo da kwano a hannu. Sunanta Turai, yayar Ajimi ce, Sarkin Fawan garin.

"Ke Madam, ina naman?"

"Wane nama, Iya?"

"Ajimi ya yanka bai aiko min da hanta ba. Na je tsamiya babu kowa, na biyo kiɗan ya kawo ni nan."

Mansura ta kashe lasifika ta fito. A ƙofar aji ta tarar da tsofaffi mata da dattawa, kowa da abin zuba nama. Ta ƙirga, don ba ta iya ganin abu jere ba ta ƙirga ba: kwano goma sha tara, da akushi ɗaya. A nan ta fara jin abin da ya faru. Kiɗan da ta kunna na mahauta ne, wanda ake yi don gari ya san an yanka. Ta sha jin kalangu a kasuwa da wurin biki, amma a kunnenta duk kalangu kalangu ne. A Tudun Gawo kuwa, tun da makaɗin mahauta, marigayi Dikko, ya rasu 'ya'yansa suka tafi neman kuɗi Agadas, ba a sake jin wannan kiɗan ba. Sai dai kunnen tsofaffi bai manta ba.

Can sai ga Sarkin Fawa Ajimi ya taho daga bayan gari, ba wuƙa ba jini a riga. Aka yi masa caa.

"Sarki, ka koma yanka a lakwal ne?"

"Ko akuyar ta shiga aji uku?"

Ajimi bai yi dariya ba. Ya wuce kai tsaye wurin Mushe Bawa, ya ce an kira mutane da sunansa alhali bai yanka ba, kuma tun kakansa ba a taɓa buga wannan kiɗan a banza ba. Mushe Bawa ya ba shi haƙuri har ƙofa, sannan ya juyo.

"Madam, kin tuna yadda muka yi. Daga yau lissafi."

Abin ya yi mata zafi, ba ƙarya. Amma tana hawa tudun rijiya da yamma, wata tambaya ta fi zafin damunta: me ke cikin kiɗan nan da ya ce nama? Ta ba gurup labari. Saƙo talatin da ɗaya ya biyo baya, ashirin daga ciki dariya ce zalla. Abdulwahabu ya ce a bakin kasuwa ya ɗauka, kusa da masu tsire, bai kawo komai a ransa ba. Sauran suka yi ta gardama, wannan ya ce farkon kiɗan ne ke kira, wancan ya ce ƙarshensa. Babu wanda ya san tabbas.

Sai ta sayi goro ta nufi gidan Ajimi. Ta same shi a ƙofar gida yana wasa wuƙa, Turai na zaune gefe tana ɓarar gyaɗa. Ta durƙusa ta gaishe su, ta ajiye goron, ta ba da haƙuri. Bai ɗaga kai ba. Ta ɗan jira, abin ya gagare ta.

"Baba, a wane wuri ne kiɗan yake cewa an yanka?"

Ya dube ta. "Haƙuri kika zo bayarwa ko tambaya?"

"Duka biyun, Baba. Amma tambayar ta fi yawa."

Turai ta tuntsire da dariya har gyaɗa ta zube. Ajimi ya ajiye wuƙa, ya ce ta kunna masa abin a hankali, kada maƙwabta su sake ɗauko kwanuka. Ya saurara kai a sunkuye. Ya ce farkon na kowane mahauci ne, shi ne kiran. Amma jelar taken wani ne can a Damagaram, ba nasu ba.

"Naku fa, yaya yake?"

Ya gyara zama, ya fara bugun gwiwa yana yi da baki. Ya yi nisa kaɗan ya tsaya. Ya sake daga farko, ya sake tsayawa a wurin.

"Ba haka ba ne," in ji Turai. "Ka tsallake inda yake kiran sunan Baba."

"Yaya, ke da ko tsamiyar ba ki zuwa?"

"Daga cikin gida nake ji, kuma kunnena ya girme naka. Kai lokacin kana bin Dikko da majina."

Ta yi nata a bayan kwano. Shi ma nata ya yanke a tsakiya. Suka yi ta ja, kowa da rabinsa, kuma rabin biyun ba su haɗu ba. Mansura ta nemi izini ta ɗauki muryar kowannensu. Ajimi ya ce ta ɗauka, ba ya jin waya za ta san abin da shi ya manta.

Ta tura wa gurup, ta yi bayanin komai: na wane ne, a wane gari, wa yake bugawa a da. Wannan karon ba a yi dariya ba. Wani Sharifu, ɗalibin koyarwa a Magarya, wanda bai taɓa cewa uffan a gurup ɗin ba, ya ce shi ɗan gidan makaɗa ne, akwai kalangu a ɗakin babansa. Zai gwada haɗa rabin biyun.

Na farko da ya turo, Ajimi ya ce wannan gudu yake kamar an biyo shi. Na biyu, Turai ta ce ya koma na 'yan dambe. Na uku suka yarda farkon ya yi, jelar ce da saura. Kowane gyara sai Madam ta hau tudu ta sauko, ta je gidan Sarkin Fawa ta dawo, har matan rijiya suka fara tambayarta ko ta koma koyon fawa ne. Sharifu ya kai wa babansa muryar Turai. Tsohon ya ce ya taɓa zama da Dikko a wani biki, ya karɓi kalangun da kansa.

Mansura ta kunna musu na huɗun. Turai ta daina ɓara. Ajimi ya cire hula, ya duba cikinta, ya mayar.

"Sake," ya ce.

Ta sake.

"Ga shi nan. Ga sunan Baba nan."

Washegari da safe Mushe Bawa ya ga Sarkin Fawa a ƙofar ofis, ya miƙe da sauri.

"Sarki, me kuma ta yi?"

"Ƙarar da na kawo na zo ɗauka."

"Ai an riga an yanke magana."

"Mushe, ni ne mai yanka a garin nan. A mayar wa yarinyar nan waƙarta."

Mushe Bawa ya yi ta juya biro a hannu. Daga baya ya sa aka kira Mansura, ya ce ya mayar mata, da sharaɗin duk abin da za ta kunna sai ta san na wane ne da lokacin da ake buga shi. Ta ce wannan ma ya riga ya zama doka a gurup, Abdulwahabu ne da kansa ya kawo shawarar.

Ranar Juma'a Ajimi ya kayar da sa. Ya aiko aron lasifikar Madam, ya rataye ta a reshen tsamiya, ya sa aka kunna taken gidansu. Kiɗa ya cika gari. Ya tsaya da wuƙa yana duban hanya, shiru, babu ko kwano ɗaya. Kowa ya ɗauka Madam ce da yaranta. Sai da Turai ta bi gida-gida tana buga ƙofa tana cewa na yau na gaske ne, ta ga hantar da idonta, sannan aka fara fitowa.

Lokacin ya zo daidai da rabin awar waƙa. Mansura ba ta kunna komai ba, ta ce yara su kasa kunne su bi kiɗan da ke shigowa ta zana. Hannu ɗari da ashirin da shida suka ɗauka. Mushe Bawa ya zo wucewa ya tsaya a bakin rumfa, hannu a baya, ƙafarsa ɗaya tana motsi.

"Madam, wannan bugu nawa ne?"

"Huɗu-huɗu ne, Mushe. Amma akwai wani ɗan ƙarami da ke shiga tsakani, daidai wurin sunan. Shi ne ban gane ba tukuna."

Ana tashi, bayan la'asar, aka hango ta a kan tudun rijiya, hannu sama.