Yadda Na Goge Sunayen Manoma Da Yatsa Ɗaya

Kwana uku ne kacal, amma ban taɓa shan wahala irin tasu ba. Na yi tuƙi a hanyoyin da mutane ke fita ba su dawo ba a shekarun tashin hankali, duk da haka ban ji tsoron da na ji ina zaune a kujera gaban kwamfuta ba. Edita, ka buga wannan yadda na rubuta, ka gyara inda rubutun ya karkace. Ba zan kama sunan kowa ba.

A lokacin ni direba ne kuma mai tsaron sito a wata ƙaramar ƙungiya da ke taimakon manoma a nan Maiduguri. Iyayena Kanawa ne, amma a nan aka haife ni, ina jin Kanuri kamar Hausa. Aji huɗu na tsaya a firamare. Ina iya rubuta suna, ina iya karanta lambar mota da takardar kaya, amma Turanci mai tsawo ba nawa ba ne. Shekaruna arba'in da bakwai, mata ɗaya, 'ya'ya shida, kuma wannan aikin shi ne na farko da na samu mai albashi a ƙarshen wata.

Ƙungiyar tana da injiniya, mutumin Abuja, wanda ya haɗa mana tsarin da ake rubuta sunayen manoma. Ma'aikata na ɗaukar suna da hoto a waya, wayar ta tura, sai sunan ya bar wayar ya koma wata babbar na'ura da suke kira saba. Na tambaye shi ina sabar take, ya ce ko shi bai taɓa ganinta da ido ba, tana wata ƙasa, haya ake yi. Daga kwamfutar ofishinmu ake ba ta umarni. Ka rubuta layi ɗaya a baƙin allo a nan, ita ta yi aikin a can. Akwai ayyuka uku da ake so a riƙa yi mata kullum da safe: a share tarkacen da ta tara, a jera sababbin sunaye, a ɗauki kwafin komai a ajiye. Da yake ni nake fara zuwa ofis, lokacin da netwok ke da ƙarfi, sai injiniya ya ce ni zai koya wa. Na ce masa ni direba ne. Ya yi dariya ya ce ai wannan ma tuƙi ne, motar ce kawai ba ta kusa.

Ya rubuta mini layukan uku a littafi, harafi bayan harafi. Makon farko da littafin a gefe nake bugawa, layi ɗaya ya ɗauke ni minti biyar. Wata rana yatsana ya taɓa maɓallin kibiyar sama, sai na ga layin da na buga jiya ya dawo da kansa. Na gwada na gane cewa in na danna sama sau uku sai na farko ya fito, in danna maɓallin Enta, mai tura umarni. In na sake danna sama sau uku, na biyu ya fito. Haka na uku. Kowanne yakan tsaya ya yi tambaya da Turanci, ni kuma in danna harafin da aka ce mini yana nufin na yarda. Daga ranar na jefa littafin a durowa. Wata takwas ina haka, sama sau uku sai Enta, ina shan shayi da ɗaya hannun. Har alfahari na yi a gida cewa aikin injiniya nake gamawa kafin shayi ya huce. Ban taɓa faɗa masa dabarar da na gano ba, don ina ganin tawa ce.

Da damina ta kusa aka ce za a raba irin gero da wake ga manoman ƙauyukan da ke kewayen Konduga, waɗanda suka fara komawa gona bayan shekaru. Injiniya ya zo ranar Lahadi, ya zauna a kwamfutar ofis. Ina share mota ya leƙo ya ce mini ya share ɗakin tsaf, wato sabar, ya fitar da sunayen ƙarya da ya zuba don gwaji, yanzu sai na gaske. Da yamma na kai shi filin jirgi. Litinin muka tafi Konduga, ni ne direba ni ne tafinta, muka kwana uku a can. Duk kwanakin babu wanda ya taɓa kwamfutar, babu wanda ya ɗauki kwafi, don ni ne mai yi kuma ba na nan.

Mutane sun zo da yawa, wasu da ƙafa daga nesa, suka yini a rana. A cikinsu akwai wata tsohuwa da ke riƙe da jikoki, 'ya'yanta maza babu ko ɗaya. Bayan an ɗauki hotonta ta kama hannun rigata ta ce ita ba ta yarda da waya ba, an sha rubuta ta a waya ba ta ga komai ba. Na ce mata Kaka, wannan karon sunanki ya shiga inda ko wuta ba ta cinsa, ni ne mai tsaron wurin. Da bakina na faɗa, a gaban Bulama, mai garin.

Juma'a da safe na buɗe ofis, na kunna kwamfuta, na zuba shayi. Sama sau uku, Enta. Ta yi tambaya, na yarda. Na lura rubutun da ya gudana ya fi na kullum tsawo, na ce don an kwana biyu ba a yi ba ne. Na yi na biyu, na yi na uku. Sai na ce bari in buɗe shafin sunaye in ga hoton tsohuwar nan don raina ya yi daɗi. Shafin ya buɗe fari fat. Babu suna ko ɗaya. Na rufe na sake buɗewa. Na kashe kwamfutar na kunna. Na fita na duba wayar netwok. A ƙarshe na ciro littafin daga durowa, na danna sama, na riƙa gwada haruffan allo da na littafi ɗaya bayan ɗaya. Ba su yi kama ba. Layukan injiniya ne na ranar Lahadi, waɗanda ya share ɗaki da su. Na sake share ɗakin, da mutane a ciki.

A nan ne na yi babban kuskuren. Danna maɓalli kuskuren jahilci ne, amma shirun da na yi nawa ne. Na san garin nan. In sunaye suka ɓace kafin rabon kaya, babu wanda zai ce kuskure ne, cewa za a yi an cire su don a karkatar da buhuna zuwa kasuwa. Kuma makullin sito yana aljihun wa? Nawa. Na ga kaina a bayan motar jami'ai, na ga 'ya'yana ana nuna su a unguwa. Na rufe kwamfutar. Da Hajiya, shugabarmu, ta shigo ta tambaye ni ko komai lafiya, na ce lafiya lau. Ta ce Litinin za a buga takardar sunaye, Talata motar iri za ta iso, masu ba da tallafin ba sa sauke buhu ko ɗaya sai sun ga takarda. Na ce Allah ya kai mu. A masallacin Juma'a ban ji kalma ɗaya daga huɗuba ba.

Asabar na hau keke zuwa babbar kasuwar gari da ake kira Kasuwar Litinin, wurin wani mai gyaran waya da kwamfuta da muka saba tun ina tuƙin haya. Na ce masa wani abokina ne ya goge abu a kwamfutar ofishinsu, ko ana iya dawo da shi. Ya ce a kawo kwamfutar, zai tono shi. Na ce abin ba a cikin kwamfutar yake ba, yana wata ƙasa. Ya ajiye abin da ke hannunsa ya dube ni, ya ce to shi bai da biza. Sannan ya tambaye ni ko abokin nan nawa shi ne yake tsaye a gabansa yana jiƙa riga da gumi. Ya ce in daina yawo, in kira wanda ya haɗa abin. Na ce to. Na fito, na riƙe waya a hannu har gida, ban kira ba. A hanya hadari ya haɗu, aka yi yayyafi, mutane na murna, ni kuwa ban yi murna ba, don na san manomi ba ya jiran takarda in ƙasa ta jiƙe.

Maiɗakina ce ta kawo ƙarshen abin. Lahadi bayan azahar ta ɗauke kwano na uku da ban taɓa ba, ta zauna ta ce in gaya mata gaskiya, mutum na kaɗe da mota ko me. Na kwashe komai na faɗa mata. Ba ta gane saba ba, ba ta gane Enta ba, amma ta gane sauran. Ta ce wato lambar injiniyan tana cikin wayarka tun shekaranjiya, kai kuma kana kasuwa kana neman shawara a kan abokinka. Ta ɗauki wayar ta miƙo mini, ta ce ko in kira ko ita ta kira ta yi masa bayani da Kanuri.

Injiniya bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya ce in dakata, na ji yana bugawa, na ji ya daina. Ya tambaye ni sau biyu ranar da abin ya faru. Da na ce Juma'a da safe sai ya yi mini bayani. Ya ce masu ba mu hayar sabar suna ɗaukar kwafin komai da kansu kowace rana, amma na kwana biyu kawai suke riƙewa, sabo ya ture tsoho. Ranar Juma'a da aikin minti goma ne. Jiya Asabar ma da an samu. Na ƙarshe mai sunaye a ciki ya tafi yau da safe. Ya ce, Baba, me ya sa ba ka kira ni ba?  Ya ce shi ma da laifinsa, bai kamata ya bar umarnin sharewa a hannun kowa ba, kuma bai taɓa tambayata yadda nake yin aikin ba.

Daga nan na tafi gidan Hajiya da ƙafata. Ta saurare ni a tsaye. Ta ce ta yarda ba sata ba ce, don ɓarawo wasu sunaye yake cirewa ya bar wasu, ba ya kwashe duka har da na dangin Bulama. Amma ta ce kwamfutar na gama da ita, kuma ba ita za ta je ta kalli mutanen nan ba. Wanda ya yi musu alkawari shi zai je.

Bari in faɗi yadda ta ƙare tun yanzu, don kada wani ya ɗauka an tashi lafiya. An ɗaga rabon da kwana tara. Yawancin mutane sun dawo an sake rubuta su, amma wasu na ƙauyukan nesa ba su dawo ba, ko labari bai kai musu ba, ko sun gaji da mu. Ban san abin da suka shuka a shekarar ba, kuma har yau in ruwan farko ya sauka su nake tunawa. Ba a kore ni ba, ina nan ina tuƙi. Injiniya ya gyara tsarin, yanzu kwafi da kansa yake ɗaukuwa, umarnin sharewa kuma sai an rubuta doguwar kalma kafin ya yi aiki.

Abin da zan ce wa irina, waɗanda aka ɗora a kan na'ura ba su da karatu mai zurfi, shi ne kada ka yarda da tambayar da ba ka karanta ba. Abin da kake dannawa a nan yana taɓa mutane a wurin da idonka ba ya kaiwa, kuma ba za ka ji ƙara ba kamar yadda ake ji in mota ta bugi abu. In ka gano gajeriyar hanya, nuna wa wanda ya koya maka kafin ka saba da ita. In kuma ka riga ka yi ɓarna, faɗi a sa'ar. Tsoro ya sa na ɓoye don in tsira da mutuncina, kuma a cikin ɓoyon ne abin da za a iya cetowa ya tafi. Ku kuma masu ilimin, ku riƙa tsayawa a bayanmu kuna kallon yadda muke yi, ba ku ba mu littafi ku hau jirgi ba.

Washegarin ranar da na je gidan Hajiya, wato Litinin, na yi asuba, na tsaya a shago na sayi babban littafi mai bango da biro biyu. Jami'an tsaro na buɗe hanya na kama ta Konduga. Na tarar da Bulama a gindin dogonyaro, na yi masa wushe, gaisuwar Kanuri, na ƙi hawa tabarma, na faɗi abin da na yi da Kanuri a gaban duk wanda ke wurin. Wasu suka zage ni, na tsaya har suka gama. Bulama ya aika a kira mutane. Tsohuwar nan tana cikin na farkon zuwa. Ta dubi littafin kawai ta ce wannan dai tana ganinsa. Na durƙusa na ɗora shi a gwiwa, na rubuta sunanta a layin farko. Ta ce in karanta mata. Na karanta. Ta ce in sake, na sake, sannan ta matsa gefe ta ba na bayanta wuri.