Tarin Injin Shadrak

Shadrak mutumin Sabon Gida ne, amma tun yana saurayi ya baro gona ya kama aiki a wani ƙaramin asibitin mishan da ke ƙasar Madawa. Shi ke kula da injin da ke ba asibiti wuta idan kuran, wato wutar gari, ya ɗauke. Gajere ne, ba ya son surutu, kuma ko ranar Lahadi a majami'a sai ka ji ƙanshin gazuwal, man injin, a rigarsa.

Injin nan shi ke gwada kansa da kansa. Kowace Asabar da safe agogon da ke jikinsa zai tashe shi, ya duba batir, ya duba mai, ya yi ɗan gudu, sannan ya kunna koriyar fitila in komai lafiya. Shadrak bai taɓa yarda da fitilar ba. Kunnensa ya yarda da shi, don da ƙara yake gane ciwon ƙarfe.

To, kunnen ne ya soma gudunsa, kuma bai faɗa wa kowa ba. Tsoro yake ji ƙwarai kada a ce ya je gida ya huta, alhali shi bai san wani zama ba in ba kusa da injin ba.

A damanar 1996 abin ya taso. Gwajin Asabar yana wucewa lafiya lau, amma da wutar gari ta ɗauke aka bar injin da aiki mai tsawo, sai ya mutu. Rannan har da mai haihuwa a ɗakin fiɗa, da tocila aka ƙarasa. Lokotoro, likitan asibitin, ya ce in abin bai gyaru ba zai kira makaniki daga garin Tawa. Shadrak ya bi komai daga tushe yadda ya saba: batir, waya, matatar mai. Bai ga komai ba. Ya kai kunne jikin ƙarfen, bai ji komai ba sai gurnani.

Da azahar matarsa Dinatu ta kawo masa fura. Gidansu bayan ɗakin injin yake, katanga ce kawai a tsakani. Ta tsaya, ta karkata kai.

“Baban Firisila, ba ka jin shina tari?”

“Wane irin tari?”

“In yad daɗe shina gudu, sai shi yi awa jinjirin da ka tsotso hancinai toshe.” Ta ja numfashi ta kwaikwaya masa, ko kunya babu.

Shadrak ya maimaita maganar a ransa. Hanci a toshe. Ya hau kan tankin gazuwal, ya leƙa siririn bututun da iska ke shiga, sai ga gidan zanzaro ya liƙe bakinsa da laka. Gudun gwaji gajere ne, iskar da ke cikin tanki tana isarsa, shi ya sa fitilar take ta yi musu ƙarya. Ya tsokale lakar da tsinke, ya ɗaure bakin da ƙyallen gidan sauro, ya tayar da injin ya bar shi har la'asar. Dinatu tana zaune a bakin ƙofa, ita ce mai saurare. Daga ƙarshe ta ɗaga masa kai.

Suna hanyar gida, yana riƙe da ƙwaryar, ya ce a hankali, “Dinatu, akwai maganad da ban gaya maki ba. Kunnuwana…”

Ta yi dariya, amma idonta ya kawo ruwa.

“Haba, maigida. Tun bara waccan nika yi maka magana da ƙarhi, hab maƙwabta na cewa hwaɗa muka yi. Ni ko nab bas su da zancensu.”