Ba Injin Ne Ya Kashe Ɗana Ba

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, 17 ga Nuwamba, 1981, bayan la'asar, Allah Ya karɓi ran ɗana Ƙasimu Ishiyaku a gidanmu na Gwaram, yana da shekara talatin da biyu. Hutu ya zo daga Ikko. Ina yi masa faɗa don ya tafi masallaci ba hula, yana dariya, sai ya dafa bango ya zauna. Na ɗauka wasa ne. Kafin a isa asibitin Birnin Kudu rai ya yi halinsa. Har yanzu takalmansa na nan a bakin ƙofa, na kasa cewa a ɗauke.

Kai ne ɗana na fari, ban taɓa kiran sunanka da bakina ba. Yau ga shi na rubuta, ba ka nan balle ka ji.

Aikinka a asibitin koyarwa shi ne auna hasken injin da ake gashin ciwon daji da shi. Hasken ba ya ganuwa. Ka ce min in ya yi yawa sai ya ƙone lafiyayyen jiki, in ya yi kaɗan ciwon ya dawo. Wata rana ka zo da wani ɗan baƙin allo, bai wuce farcen babban yatsa ba, irin wanda ke mayar da hasken rana lantarki. Ka haɗa shi da mita ka ajiye a kan turmi. Rana ta doke shi, allurar mitar ta tashi. Ka ce in rufe shi da tafin hannu, allurar ta kwanta. Ka ce, "Inna, haka hasken injin ma yake motsa ta. In na manna shi a fatar mara lafiya, zan ga abin da ya shiga jikinta." Na tambaye ka ko ka gwada shi da babban ma'aunin asibiti, don ba na son aikin ganin ido. Ka ce sai da ka yi wata da watanni kana gwadawa kafin ka yarda ya taɓa jikin mutum. Ban yaba maka ba a ranar, amma na ji daɗi.

To, abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya fi kuka. Da aka dawo da gawarka, manyan maza masu gemu suka ja da baya, suka ƙi taɓa ka. Wai wutar injin ce ta cinye ka, wai tana nan a jikinka. Sai da ƙanen mahaifinka, Malam Hambali, ya naɗe hannun riga ya shiga ya yi maka wanka, sannan kunya ta sa wasu suka bi shi. Ina bayan labule ina ji. Ku ji tsoron Allah, mutanen Gwaram. Likita ya ce zuciya ce. Haka mahaifinsa ya yanke jiki ya faɗi ya rasu a gonar gero, shi da bai taɓa zuwa Ikko ba, balle ya ga injin. Wanda bai sani ba ya tambaya, ko ya yi shiru. Wurin zaman makoki ba kasuwa ba ne.

Wannan surutu yana neman ya kashe wata mata. Kaltume, matar Barau ta Kwandiko, tana da ƙari a mama. Tun damina Ƙasimu yake lallashin mijinta, yana aiko da saƙo, har ya yarda za ta bi shi Ikko ranar da hutunsa ya ƙare. Jiya Barau ya zo gaisuwa ya ce min, "Hajiya, abin da ya ci mai aikin, ina ga mara lafiya?" Ya fasa. Malam Barau, ka dubi A'i ta Sara. Shekara biyu ke nan da aka yi mata gashin, da wannan ɗan allo manne a ƙirjinta. Da ƙafarta ta zo gaisuwa, ita ce ma ta tuƙa tuwon baƙi. Ƙasimu bai ɓoye abin da ya sani ba, ya koya wa abokan aikinsa, kuma suna nan. Ƙarin matarka ba zai jira ka gama jin tsoro ba.

Ni ba takaba nake yi ba. Da an yi addu'ar bakwai zan ɗauki jakar Ƙasimu, da allon da mitar a ciki, in tafi Ikko in mayar wa abokan aikinsa da kayan aikinsu. Akwai wurin Kaltume kusa da ni a mota. Zan tsaya a Kwandiko in yi sallama, kuma ba zan tashi daga ƙofar gidan ba sai ta fito.

Ya Allah, Ka jiƙan Ƙasimu, Ka yafe masa, Ka haskaka kabarinsa. Duk wanda ya samu sauƙi ta hannunsa, Ka sa ladan a mizaninsa. Ina miƙa ta'aziyya ga matarsa Zahara'u da 'ya'yansa, da Malam Hambali, da abokan aikinsa, da marasa lafiyar da ke can suna jiran dawowarsa ba su sani ba. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya ba Kaltume lafiya, Ya sa mu cika da imani.

Hajiya Rahamatu Ishiyaku, Gwaram