Shekarar da Balbelu Suka Bar Tsamiya

A ƙauyukan gabas da Ɗanbatta, in ka ce Sama'ilu sai a tambaye ka wanne. In ka ce mai balbela, ba sai an raka ka ba, hancinka zai kai ka gidan.

Tsamiya ce a tsakar gidansa, gadon kakansa. Kowace shekara da ruwan farko ya sauka, balbelu kan cika ta har ganyen ya ɓace. Sama'ilu ya san su ciki da waje. Ya san lokacin da kansu da ƙirjinsu ke rinewa ruwan goro, alamar aure ya zo. Namiji ke ɗebo ƙirare, mace ta saƙa sheƙa, ta zuba ƙwai shuɗi-shuɗi. Idan abinci ya yi ƙaranci, manyan 'ya'ya su ture autansu ƙasa. Har musu yake da masu cewa kaska suke nema a jikin shanu. Fara suke bi, in ji shi, wadda kofato ke tayarwa daga ciyawa.

Mutane na cewa tausayi ne da shi. Akwai tausayin, amma akwai taki. Kashin da matarsa Hure ke sharewa kullum ta tara a bayan rumbu, shi ke ciyar da gonarsa. Takin zamani ya yi tsada ya yi arha, shi ko a jikinsa, geronsa ya fi na kowa zangarniya.

Wata rana da rani suna zaune a dakalin masallaci, amininsa Tahir ya zolaye shi.

"Kai Sama'ilu, faɗi gaskiya, laya ka binne a gindin tsamiyar nan?"

"Layar me, sarkin zargi? Kwanakin farko ne kawai. 'Yan kaɗan ke fara zuwa su duba wuri. Ka bar su su yi ƙwai, to ko ganga za ka buga ba sa tashi. Ka firgita su kafin nan, sun tafi ke nan. Inda suka ƙyanƙyashe, nan za su dawo baɗi."

Tahir ya yi dariya ya miƙa masa goro. Sama'ilu ya karɓa, yana jin daɗin an saurare shi. Bai tuna ba cewa Tahir na da bagaruwa a bakin kududdufi, da gonar masara da ta gaji.

Ruwan farko ya zo daidai da saƙon cewa yayansa na kwance a Ungogo. Ya so ya jinkirta, don ya ga balbelun farko sun fara shawagi. Hure ce ta matsa.

"Malam, ɗan'uwanka fa. Je ka ka kwana biyu."

"Tsuntsayen fa?"

"Ni ba mutum ba ce?"

Da ya dawo, shiru ne ya tare shi tun daga zaure. Babu kukan nan mai kama da gardamar kasuwa. Ya shiga ya ɗaga kai, tsamiya kore shar, ƙananan rassanta sun yi baƙi. Ya yi atishawa. Barkono aka ƙona. A gindin bishiyar ga kasko cike da toka, kaskon da ya saya wa Hure da hannunsa.

Ko jakarsa bai ajiye ba ya nufi kududdufi. Tun daga nesa ya hango bagaruwar ta yi fari fat. An share ƙarƙashinta tas, an zuba tarin ƙirare a gefe, yadda namiji ba sai ya yi nisa ba. Tahir na tsaye da tsintsiya.

"Ikon Allah, aminina. Na wayi gari na gan su."

"Har da ƙiraren Allah Ya tara musu?"

Tahir ya sunkuyar da kai yana gyara ɗaurin tsintsiya.

Hure kuwa ba ta ɓoye komai ba. Tana shanya zannuwa a igiyar da ta ɗaura jikin tsamiyar ta ce, "Tahir ne ya kawo barkonon, ni na hura wutar."

"Ke, Hure? Ke da na bar wa amana?"

"Tun da aka kawo ni gidan nan nake sharar kashi. Ban taɓa shanya tsaba a tsakar gidana ba. Maciji ya biyo 'ya'yan tsuntsayen nan har ƙarƙashin gadona. A gidan biki mata na matsawa in na zauna. Ka san ranar da kan balbela ke rinewa, ka san tun yaushe nake tari?"

"Me ya hana ki faɗa mini?"

"Na faɗa. Ka ce in riƙa tari a ɗaki, kada in firgita su."

Da ya fita huɗa, balbelun suka zo suka bi bayan garmarsa kamar kullum, suna caccakar fara a sabuwar kunya. Da yamma suka tashi a jere, suka bi ta saman gidansa, ko ɗaya ba ta sauko ba. Zuwa lokacin sun yi ƙwai a bagaruwa. Ya san abin da hakan ke nufi, shi ya koya wa Tahir.

Ran nan Hure ta shimfiɗa tabarma a gindin tsamiya, karon farko da damina a zaman aurensu, ta ajiye masa tuwo. Inuwa mai sanyi, iska ba wari. Sama'ilu ya daɗe a tsaye yana kallon tabarmar. Sannan ya sunkuya ya ɗauki kwanon, ya fita zaure ya ci shi kaɗai.